Motar Shiga Daji: Abin da Hanyar Mambila Ta Koya Mana

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin kuɗi na ikkilisiya ya san babu maganar da take cin lokaci kamar maganar mota. Ana iya gama batun rufin ɗakin sujada da albashin ma'aikata cikin sa'a guda, amma da zarar an buɗe takardar da direba ya rubuto ta gyara, sai kowa ya gyara zama. Wannan ya ce ai watan jiya aka ba da kuɗin taya, wancan ya ce makanikai ba su da tsoron Allah, daga ƙarshe a soke rabin abin da aka rubuta, a ce a lallaba da sauran. Mu ma mun zauna irin wannan zama, mun kuma sa hannu a irin wannan sokewa. Abin da ya biyo baya shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan rubutu, domin 'yan'uwa da suke riƙe da motocin shiga ƙauye, ko na ikkilisiya, ko na ƙaramin asibiti, ko nasu na kansu.

Hawan dutse

Wanda bai taɓa zuwa Mambila ba, bari mu ɗan kwatanta masa. Tudu ne mai faɗi a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru, tsayinsa kuwa ya kai wajen mita 1,600 daga matakin teku. Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, sa'an nan a isa Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, har a ɓulla Maisamari, a wuce Nguroje, a sauka Gembu. A sama akwai sanyi da hazo da ciyawa kore shar, ga garken shanu, ga gonakin shayi a Kakara. Damina a can tana daɗewa fiye da yadda muka saba a Kano ko Sakkwato, ƙasar wurin kuma ja ce, idan ta sha ruwa santsinta kamar an zuba karkashi.

Babbar hanya tana da kwalta, amma ƙauyuka ba a bakin kwalta suke ba. Da zarar an ratse, sai hanyar da shanu da babura suka sassaƙe, da rafuka marasa gada. Shi ya sa tsofaffin motocin Land Rover suka yi suna a kan wannan tudu, suna ɗaukar mutane da buhunan masara zuwa kasuwanni, waɗansunsu sun girmi direbobin da suke tuƙa su.

Daren da shaf ya karye

Tamu ma irinsu ce, doguwar nan mai lamba 109, mai shan fetur. A tsakiyar wata damina muka bi ta zuwa wani ƙauye domin kai magunguna ƙaramin asibitinmu. Direbanmu saurayi ne mai ƙwazo, tsohon direban da ya koya masa aiki kuma ya roƙi a rage masa hanya, don haka yana zaune a baya. Da za mu dawo da yamma aka loda mana buhunan masara, sa'an nan ma'aikaciyar asibitin ta ce akwai wata mace da naƙuda ta yi mata tsawo, dole a kai ta babban asibiti a daren. Aka shimfiɗa mata katifa, mijinta da uwarta suka shiga, muka kama hanya ana yayyafi.

A wani hawa mai laka motar ta tsaya, tayar baya tana ta juyawa a wuri ɗaya. Saurayin ya danna totur, injin ya yi ƙara, laka tana tashi. Tsohon ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙafarka!" Kafin ya rufe baki tayar ta haƙo dutse ta cafke shi, sai muka ji ƙas! daga ƙarƙashin mota.

"Baba, na ga kamar za ta fita ne," in ji saurayin.

Tsohon bai amsa masa ba. Ya sauka, ya sa a tokare tayoyi da duwatsu, ya haska tocila, sa'an nan ya juyo gare mu ya ce, "Dattijo, ina shaf ɗin ajiya da aka rubuta muku tun kafin ruwa ya sauka?"

Ba mu da amsa, domin yana cikin abubuwan da muka soke, shi da sababbin tayoyi biyu. Shaf shi ne sandar ƙarfen da take kai ƙarfin injin zuwa taya, ta baya ce kuwa ta karye. Tsohon ya sa aka sauke buhunan, ya kwance notocin da suke tsakiyar tayoyin baya ya zaro sandunan, ya cire farfelar baya, aka haƙe lakar da ke gaban tayoyi aka jera rassan itace. Da tayoyin gaba kaɗai muka ƙarasa, a hankali, maza suna sauka suna turawa a kowane hawa. Fiye da sa'a uku muka ɓata. Matar ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma likitan da ya karɓe ta ya gaya mana cewa saura kaɗan. Tun daga ranar muka ƙudura mu koyi yadda wannan mota take aiki, kada mu ƙara yanke hukunci a kan abin da ba mu sani ba.

Daga ina ta fito

Labarin Land Rover ya faro ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani babban injiniya na kamfanin Rover a Ingila, mai suna Maurice Wilks, yana amfani da tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka a gonarsa da ke tsibirin Anglesey. A 1947 shi da abokan aikinsa suka ƙera motar gwaji a kan wannan tsari, aka kuma nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. A lokacin ƙarfe yana wuyar samu a Ingila, don haka aka yi jikinta da alminiyam, abin da ya sa har yau za ka ga bodin ya lotse amma bai yi tsatsa ba. Samfuri na biyu ya fito a 1958, na uku a 1971, sa'an nan masu lamba 110 da 90 a 1983 da 1984, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990. An daina ƙera wannan tsohon tsari a masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi fiye da miliyan biyu. Sabuwar Defender da ta biyo baya wata mota ce dabam, cike da kwamfuta, wadda makaniken ƙauye ba zai iya buɗe ta a gindin bishiya ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Toyota ta ƙasar Japan. Ta fara tata motar dajin a 1951, ta sa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin da ake kira 70, wanda ya fito a 1984, shi ne ƙungiyoyin agaji da asibitoci suka fi so, musamman mai injin gas ɗin nan 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2. Ita da Hilux su suka karɓe yawancin hanyoyin daji daga hannun Land Rover. Ba mu zo domin mu ce wannan ta fi waccan ba. Motar da ta fi ita ce wadda ake samun kayan gyaranta da mai gyara ta a inda take aiki.

Yadda take aiki

Motar gida tayoyi biyu ne kawai suke jan ta. Motar daji kuwa tana da akwatin giya na biyu a bayan giyabos, wanda yake raba ƙarfi ta farfela biyu, ɗaya zuwa gaba, ɗaya zuwa baya. A cikin wannan akwati akwai mataki biyu, na gudu da na ƙarfi. Na ƙarfin yana rage gudu wajen rabi, ya ninka ƙarfin da yake isa taya, shi ne kuma ake so a hawa mai tsanani da gangara da laka. A tsohuwar Land Rover akwai sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai kusa da giya. Idan an danna mai rawayan kai, tayoyi huɗu sun shiga a matakin gudu. Idan an tsaya an ja mai jan kai baya, an shiga matakin ƙarfi, tayoyi huɗu kuma sun shiga da kansu. A yawancin Land Cruiser 70 da tsofaffin Hilux akwai makulli a tsakiyar kowace tayar gaba, sai an sauka an murɗa shi da hannu kafin ƙarfin ya isa tayar. Direbobi da yawa sun kwana a laka suna zargin mota, alhali makullin ne ba su murɗa ba. A murɗa shi tun ana kan busasshiyar ƙasa.

Abu na biyu, irin waɗannan motoci ba a barinsu a tayoyi huɗu a kan kwalta. A kwana tayoyin gaba suna yin tafiya fiye da na baya, amma akwatin yana tilasta musu su juya daidai. A laka tayar tana ɗan zamewa, matsin ya saki. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa har wani abu ya karye. Defender ta bambanta, domin ita kullum tayoyinta huɗu suna aiki, tana da makulli na tsakiya wanda shi ma sai a wuri mai santsi ake sa shi.

Abu na uku shi ne wanda ya kama mu a daren nan. A tsakiyar kowane aksil akwai tukunyar giya wadda take barin tayar dama da ta hagu su yi gudu dabam a kwana. Aibinta shi ne idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita ce za ta yi ta juyawa, ɗayar kuwa ta tsaya cik. Ƙara totur ba ya ƙara kamu. Haƙa rami kawai yake yi, idan kuma tayar da take gudu ta cafki dutse farat ɗaya, duk wannan ƙarfi a kan shaf yake sauka. Haka kuma ya kamata mai Land Rover ya sani birkin hannunta farfela yake riƙewa a bayan akwatin giya. Idan shaf ya karye, ko an ɗaga tayar baya ɗaya da jak, motar tana iya gangarawa ko da an ja shi. Shi ya sa tsohon ya fara da duwatsu.

Kulawa ta yau da kullum

Rigakafi ya fi magani. Kowace safiya kafin a tayar da injin, direba ya duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, da fanbel, da iskar tayoyi har da safaya, ya kuma leƙa ƙasa ya ga ko wani abu ya ɗiga da dare. Minti goma ya isa.

Motar da take aiki cikin ƙura da laka a juye mata baƙin mai da filta wajen kowane kilomita 5,000. Amma injin ba shi kaɗai yake shan mai ba. Giyabos, da akwatin raba ƙarfi, da aksil na gaba da na baya, da ƙwallayen nan biyu da tayoyin gaba suke juyawa a kansu, kowanne yana da nasa mai, a tsohuwar Land Rover mai kauri ne mai lamba 90. Su ne aka fi mantawa da su, su ne kuma gyaransu ya fi tsada. Gaɓoɓin farfela suna son giris a kai a kai. Matatar iska ta tsofaffin samfura kasko ne mai mai a ciki, a lokacin hunturu sai an riƙa wanke shi ana canza man, in ba haka ba ƙura za ta shiga ta cinye injin kamar yashi a turmi.

Jikin Land Rover ba ya tsatsa, amma ƙashin da yake ɗauke da jikin ƙarfe ne, laka kuma tana shiga cikinsa ta zauna da danshi. Bayan kowace tafiyar damina a wanke ƙarƙashin mota sosai, sau ɗaya a shekara kuma a ƙwanƙwasa ƙashin da guduma, musamman ta baya da wurin da sifirin yake kamawa. Inda ya yi ƙarar gwangwani, tsatsa ta ci. Man birki yana shan danshi daga iska, a canza shi duk shekara biyu.

Game da taya, araha ba ta ado. A gefen kowace taya da aka ƙera daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau amma robar ta tsufa ta bushe. Tayoyi huɗun kuma su zama girma ɗaya, domin bambancin girma yana wahalar da akwatin raba ƙarfi.

Tudu yana da nasa hali. Iskar sama ba ta da kauri, don haka injin da ba shi da tabo yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Motar da take ja da kyau a Serti za ta yi nauyi a Nguroje, ba kuwa lalacewa ta yi ba. Ruwa ma a can yana tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100, saboda haka murfin lagireto mai riƙe matsi yana da muhimmanci. Al'adar nan ta cire tamostat da makanikanmu suka saba da ita ba ta dace da wuri mai sanyi ba, domin injin da bai ɗumama ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Sauye-sauye: mai amfani da mai cutarwa

Babu motar dajin da take zama yadda ta fito daga masana'anta. Kowa yana ƙara abin da ya ga zai taimake shi. Waɗansu ƙare-ƙaren sun cancanci kuɗinsu. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin gaba yana kare sandunan sitiyari daga duwatsu. Bututun da yake ɗauko iskar injin daga saman rufi yana rage ƙura, yana kuma kare injin a rafi, muddin an liƙe mahaɗansa da kyau. Ƙananan tiyo da ake ɗaurawa a ramukan numfashin aksil a kai su sama suna hana ruwa shiga mai. Safaya ta biyu, da ƙugiyoyi masu ƙarfi da aka ɗaure a ƙashin mota gaba da baya, da bel a kowace kujera, duk kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Motar da take ɗaukar marasa lafiya kuma a yi mata wurin ɗaure gado, da fitila a ciki.

Waɗansu kuwa haɗari ne. Na farko kariya a kan rufi. Ba laifi ba ne a ɗora katifa ko tabarma, amma buhun siminti da jarkokin mai da mutane a sama suna mai da nauyin mota can bisa, a hanya mai karkata kuma abin da yake kifar da ita ke nan. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su. Na biyu ƙara ganye a sifirin domin a ƙara lodi. Motar za ta daina durƙusawa, amma aksil da birki da taya ba su ƙara ƙarfi ba, dukan da sifirin ya daina sha kuma ƙashin mota ne zai sha har ya tsage. Na uku manyan tayoyi fiye da kima, waɗanda suke ƙara wa shaf wahala, su rage ƙarfin hawa da na birki. Na huɗu canza injin. An saba sa wa tsohuwar Land Rover injin wata mota, yakan kuma yi aiki idan gwani ne ya yi, amma injin da ya fi na asali ƙarfi sosai zai riƙa cin giyabos da shaf, birkin kuma na dā ne. Wanda ya ƙara gudu bai ƙara birki ba, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Laka, ruwa, yashi da gangara

A laka, a tsaya tukuna a sauka a duba. A sa tayoyi huɗu tun kafin a shiga, a zaɓi giya ta biyu ko ta uku a matakin ƙarfi, a tafi da gudu ɗaya ba tare da taɓa kuloci ba. Idan ta tsaya, a ɗaga ƙafa nan take, a gwada komawa baya ta sawun da aka shigo. Idan ta ƙi, sai shebur: a sauke kaya, a haƙe gaban tayoyi da ƙarƙashin aksil, a ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, a cusa duwatsu ko rassa. Baƙar ƙasar nan ta firki da ke wajen Dikwa da Ngala ta fi ta Mambila mugunta, domin tana manne wa taya ta cika zanen. Maganinta sau da yawa haƙuri ne, a jira rana ta busar da ita.

A rafi, mutum ya shiga da sanda ya auna. Masu ƙera tsohuwar Defender sun ƙayyade mata rabin mita, watau wajen gwiwar babban mutum. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da babbar mota, don haka idan mutum ba zai iya tsayawa a ciki ba, mota ma kada ta shiga. Rafin dutse yana cika da sauri, yana kuma janyewa da sauri, jiran sa'a biyu ba asara ba ce. Idan injin ya mutu a tsakiyar ruwa kada a sake tayar da shi, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandunan fistin ne za su lanƙwashe. Bayan an haye a taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe, da an isa gida kuma a duba man aksil. Idan ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, a juye shi.

A yashi, irin na Yusufari a Jihar Yobe ko na hanyar Agadas zuwa Bilma a Nijar, dabara ita ce rage iskar taya zuwa wajen 15 ko 18 a ma'aunin masu faci, domin tayar ta baje ta hau kan yashi. A tafi da sassafe lokacin da yashi yake da sanyi da ƙarfi, kada a taka birki da ƙarfi, kada a karya kwana farat ɗaya. Da an koma ƙasa mai tauri a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Wanda ba shi da famfo kada ya rage iska.

A gangara, giyar da aka hau da ita da ita ake sauka. Direban da ya saki mota a furi domin ya rage shan mai yana wasa da rayukan mutane, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya daina kamawa. Saukar Mambila zuwa Mayo Selbe ba wurin gwaji ba ne.

Idan za a ja mota da wata mota, kada a rataya igiya a dunƙulen ƙarfen jan tirela ko a bamba, domin idan ya ɓalle fita yake kamar harsashi. A ɗora jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar igiyar, a kori 'yan kallo nesa, musamman yara.

Fita ganin ƙasa

Ba kullum ne tafiya take ta larura ba. Ƙasarmu tana da wuraren da suka cancanci a je a gani. A gefen Mambila akwai Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a Nijeriya, a cikinsa ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar. Ƙungiyar matasa ko iyali da suke son zuwa irin waɗannan wurare su zaɓi rani, su nemi izni da ɗan jagora daga hukumar wurin, su kuma tambayi halin tsaro kafin su tashi, domin hanyoyi da yawa da ake bi a dā ba tare da fargaba ba yanzu sai da bincike. Mota biyu sun fi ɗaya. A gaya wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, tun da waya ba ko'ina take kamawa ba. A isa masauki kafin faɗuwar rana. A gaishe da mai gari, kada a ratsa gonar mutane domin guje wa laka, kada kuma a farfasa hanyar da masu babur da jakuna za su bi bayanmu.

Kayan da ba a barinsu a gida su ne shebur, adda, jak da katakonsa, igiya mai ƙarfi, famfo da kayan faci, akwatin sifana, fanbel, tiyon lagireto, fis, baƙin mai, man birki, tocila, ruwan sha da na injin, da akwatin taimakon farko. Mai tsohuwar Land Rover ya ƙara da shaf na baya, dogo da gajere, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Ga 'yan kwamiti

Mun san kuɗi ya yi wuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace tafiya sai an yi lissafi, kayan gyara ma sun hau. Amma daga abin da ya same mu, ga shawarar da muke bayarwa. A ware kuɗin kula da mota a kasafin shekara, dabam da kuɗin mai. A ajiye littafi a cikin mota, a riƙa rubuta kilomita da mai da kowane gyara, shi ne zai raba gardama tsakanin kwamiti da direba. A yi babban gyara a watan Fabrairu ko Maris, kafin ruwa ya sauka. A riƙe makanike ɗaya amintacce, a ce ya riƙa dawo da tsohon abin da ya cire. A sa sabon direba ya bi tsoho damina guda kafin a sakar masa makulli, a kuma ba shi ikon ya ce ba zai ƙara kaya ba, ko ba zai shiga ruwa ba, ko da babban mutum ne yake zaune a gaba.

Motarmu tana nan tana aiki. A bayan kujerar direba akwai shaf biyu naɗe cikin buhu, takardar gyara kuma idan ta zo, mukan kira direban ya zo ya yi bayani kafin kowa ya ɗauki biro. Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu.